Hasken da Ya Ci Idon Celestine

Ƙarfe shida da rabi na safe Celestine Okechukwu yakan fito daga gidan da yake haya a Sabon Gari, jakar kayan aiki rataye a kafaɗa, burodinsa a leda. Da can a babur yake zuwa aiki. Yau shekara biyu ke nan da matarsa Philomena ta ɓoye makullin, ta ce muddin tana numfashi ba zai sake hawa ba. Duk wanda ya san Celestine ya san ba ya barin gardama ta wuce shi, haifaffen Sabon Gari ne, Hausar bakinsa ta fi ta wasunmu kaifi. Amma wannan karon ya bar mata, don ya san abin da ta gani. Sai ya koma tafiya a ƙafa, yana bin gefen titi, in zai tsallaka sai ya juya kansa gaba ɗaya, dama da hagu. Idonsa na dama ya daɗe da mutuwa. Na hagun da ya rage masa ya fara tsukewa ta gefe-gefe. Da wannan ido guda yake riƙe da aikinsa, da shi yake ciyar da gida, kuma shi ne yake neman kuɓuce masa.

Inda yake zuwa wani ɗaki ne a Fagge, bayan wasu shaguna, ba nisa da Kasuwar Singa. Ba taga, ba allon suna, sai ƙofar ƙarfe da janareta a gefe. Masu wucewa sun ɗauka sito ne na madara ko sukari. A bakin ƙofar akwai Baba Kyari mai gadi, dattijo ɗan asalin Barno da aka haifa a Kwaciri, wanda ya shekara goma sha takwas yana buɗe masa wannan ƙofa.

"Injiniya, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Yaran fa, sun kwana lafiya?"

"Ba wanda ya yi kuka."

Yaran dai wasu akwatunan ƙarfe ne jere a kan kanta, kukansu kuma ƙararrawar da suke bugawa in wani abu ya lalace. Celestine ba injiniya ba ne a takarda. Makarantar koyon sana'a ya yi, ya fara da hawa turakun wayar tarho tun ana jan wayar tagulla. Amma shekara ashirin da shida a bakin aikin nan ta sa in injiniyoyin takarda suka zo daga Legas, a bayansa suke tsayawa suna leƙe ta kafaɗarsa. Da ya shiga, abin da zai fara yi shi ne wanke hannu. Sannan ya ɗora bayan hannu a jikin kowane akwati ya ji ɗuminsa, ya duba na'urar sanyaya ɗaki, ya karanta ƙarfin hasken da ya shigo da wanda ya fita. Sai ya fito waje ya ci burodinsa, don ko ɓurɓushi ba ya yarda ya shiga ɗakin.

Mai karatu zai ce, wane haske kuma? To, ga shi. Duk kiran da uwa ta yi wa 'yarta a Abuja, duk hoton atamfar da ɗan Kantin Kwari ya aika wa mai saye a Yamai, ba a iska suke tafiya ba kamar yadda muke zato. Iskar daga wayarka zuwa ƙarfen sabis ce kawai. Daga nan sai a mayar da saƙon ya zama haske, a cusa shi cikin wani zaren gilashi da bai fi gashin kai kauri ba, wanda aka binne a ƙarƙashin titunan da muke takawa. Hasken yana ƙyaftawa sau biliyoyi a daƙiƙa guda, wannan ƙyaftawar ita ce maganarmu. Ma'aikatan suna kiran zaren fayiba.

Matsalar ita ce haske ma yana gajiya. Gilashin yana shanye shi kaɗan-kaɗan a hanya. Duk bayan kilomita goma sha biyar rabinsa ya tafi, in ya ci tamanin ko ɗari abin da ya rage da ƙyar ake iya karanta shi. Hasken da ya taso daga tashar da ke kan hanyar Zariya yakan iso Fagge a galabaice, aikin akwatunan nan shi ne su ƙara masa ƙarfi ya ci gaba da tafiya. Amfilifaya ake ce musu, irin sunan ta masu kiɗan biki, sai dai waɗannan haske suke ɗagawa ba murya ba.

Baba Kyari ya ce sau ɗaya ya taɓa tambayar yadda abin yake, kuma har yau bai manta amsar ba. Celestine ya ja shi bakin titi, ya nuna masa wata kurar ɗaukar kaya da aka loda wa katan-katan na taliya, mai ita yana turawa da ƙyar.

"Baba, ka ga wannan? Daga nesa ya turo ta, ƙarfinsa ya ƙare. Yanzu a ce an jera ƙarti a gefen hanya, an ba su tuwo sun ƙoshi, suna jira. Duk wanda kurar ta gifta ta gabansa sai ya sa hannu ya ƙara mata turi inda ta nufa, ba ya tambayar me ke ciki."

A cikin kowane akwati, in ji shi, akwai wani zaren gilashi na musamman, mita goma zuwa ashirin, a naɗe. Tun a masana'anta aka cuɗa gilashinsa da wani sinadari mai suna erbiyam. Ƙwayoyin wannan sinadari su ne ƙartin. Tuwonsu kuma wani haske ne daban, daga wata 'yar fitilar leza da ke cikin akwatin, wadda take haska naɗin ba hutu. Ƙwayoyin sai su sha wannan haske su riƙe ƙarfinsa a jikinsu. Da gajiyayyen hasken saƙo ya shigo ya taɓa ɗaya, sai ta saki abin da ta riƙe, ya fito haske irinsa sak, launi ɗaya, taku ɗaya, hanya ɗaya. Ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu, kafin ya kai ƙarshen naɗin ya ninka sau ɗari ko dubu. Da can sai an sauke hasken an mayar da shi lantarki, an karanta, an kunna sabo. Yanzu ba a sauke kaya ko kaɗan, kuma launukan haske arba'in ko tamanin, kowanne da nasa saƙon, a tare ake tura su.

"To ai shi ke nan, ba matsala," in ji Baba Kyari.

"Akwai, Baba. Cikin ƙartin akwai marasa haƙuri. Kura ba ta zo ba, su saki ƙarfinsu a banza. Shi muke kira hayaniya. Na gabansu kuma ba su san bambanci ba, har hayaniyar suke turawa. Akwatin nan ba shi da hankali. Ka ba shi mai tsabta ya ƙara maka mai tsabta, ka ba shi datti ya ƙara maka datti."

Wannan ce ta mayar da shi mutum mai tsanani, kuma abokan aiki sun sha jin haushinsa. In zare ya tsinke, wani ɗan inji ne yake narka bakin biyu ya haɗa, sannan ya nuna ko haɗin ya yi kyau. Wasu in injin ya ce da dama-dama sai su rufe su kama gabansu. Celestine yanke shi yake yi ya sake, ko sau biyar ne, manya suna kira daga ofis suna masifa, shi yana tsugune a bakin kwata ko a jikinsa. Cewa yake yi duk hasken da ya zube a mummunan haɗi, da hayaniya amfilifaya za ta cike gurbinsa.

Zare kuwa a Kano tsinkewa yake yi kamar an yi masa baki. Masu gyaran titi su kawo katafila su tono shi ba su tambayi kowa ba. Masu haƙa kwata su sare shi da diga. Ɓarayi su yanke shi suna zaton tagulla ce, su tarar da gilashi, su yar a bola suna tsaki, unguwanni su wuni ba sabis saboda abin da ba mai saye. Mu kuma me muke yi? Mu ɗaga waya sama, mu girgiza ta, mu zagi kamfani da uwarsa da ubansa. Ba wanda ya taɓa tambayar waye a cikin ramin yana gyara.

Hajiya Jawahir, mai sayar da leshi a Kantin Kwari, ita ta ga wanda ke cikin ramin. Wata damina ce ruwa ya cika layinsu, kowa yana ta kwashe kaya zuwa sama. Ta ce daga benen shagonta ta hango mutum a cikin ramin kebul, ruwan kwata har ƙirjinsa, ya ɗaga wani baƙin akwati sama da kansa. Akwatin haɗin zare ne murfinsa ya tsage, in laka ta shiga aikin kwanaki ya samu. Tun bayan azahar yake tsaye a haka, in hannu ɗaya ya gaji ya canza ɗaya, har aka kira la'asar, sannan abokan aikinsa suka iso da injin zuƙe ruwa. Ta kai masa shayi da wani busasshen yadi ya goge jiki. Ya sha shayin, ya mayar mata da yadin a ninke, wai leshi ne mai kyau, kada ya ɓata mata. Ta ce sai bayan shekaru ta san sunansa.

Kai ne wannan mutumin, Celestine. Kai ne ka tsaya a cikin ƙazantar gari don maganar gari ta wuce, ka fito kana wari, ka hau mota aka matsa daga kusa da kai.

Yanzu sai maganar idon dama, wadda aka shekara goma sha ɗaya ba a faɗi gaskiyarta ba.

Wata Talata ce da hantsi. Haske ya yi rauni a layin da ya fita daga Fagge ya nufi hanyar Haɗeja, aka rasa dalili. Celestine ya tafi wani akwatin haɗi a Sabon Gari, kilomita biyu kacal daga ɗakin, wato inda hasken yake da cikakken ƙarfinsa bai fara gajiya ba. Ya bar abokin aikinsa Sammani Abdulgani a ɗakin. Sammani a lokacin magidanci ne sabon aure, shekararsa uku a kamfanin, mutum mai ladabi har ya yi yawa. Amfilifaya tana da dabarar kashe kanta in aka cire zare, amma ranar sun hana ta, don suna bin layin da mitar auna haske su ga inda yake zuba. Celestine ya zargi datti a bakin zaren. A wancan zamani da wani ɗan madubi mai ƙara girma ake dubawa, a kafa shi a ido kamar mai gyaran agogo. Ga kuma muguntar aikin nan: hasken ba a ganinsa. Zare mai ɗauke da hasken da zai ƙona takarda da zaren da ba komai a cikinsa, a ido duk ɗaya ne. Saboda haka kafin a duba sai an kira na ɗaki ya kashe.

Ya kira. "Sammani, kashe na Haɗeja."

Sammani kuwa ba ya cikin ɗakin. Wata tirela ce take ja da baya za ta shiga Singa, ta nufi babur ɗinsa, ya fito da gudu ya janye. Wayar ta same shi a bakin titi, taku talatin daga ƙofa. Ya ji kunyar ya gaya wa babba ya bar inda aka ajiye shi. Sai ya yi abin da dukkanmu muke yi, abin da tela yake yi in ka tambayi ɗinkinka alhali ko yankawa bai yi ba, abin da baƙonka yake yi in ya ce ga shi a bakin layi alhali yanzu yake neman takalminsa.

"An kashe, Oga."

Niyyarsa ya ruga ya kashe kafin a ƙirga goma. Gindin tirelar ya tare masa ƙofa. Celestine ya kafa madubin a ido.

Bai ga komai ba. Zafi kawai ya ji, kamar an ɗiga masa tafasasshen mai. Ya yar da madubin ya dafe fuska, hawaye yana zuba ta tsakanin yatsunsa. Likita ya ce hasken ya ƙona gaban idon daidai inda gani yake shiga. Ciwon ya yi ruwa, aka yi aiki bai karɓa ba, ya warke da farin tabo. Tun daga ranar abin da wannan ido yake gani bai wuce bambancin rana da inuwa ba.

Kamfani ya turo masu bincike. Dokarsu a fili take, wanda ya ce an kashe alhali ba a kashe ba, kora ce. Sammani ya zauna a waje yana jiran a kira shi, ga matarsa da cikin wata bakwai. Ba a kira shi ba. Celestine, da bandeji a fuska, ya ce musu shi bai kira kowa ba, gaggawa ce ta ɗebe shi ya duba. Suka rubuta sakaci a fayil ɗinsa, suka hana shi ƙarin girman da yake dab da samu, suka wanke hannunsu. Philomena ta yi kuka, ta yi faɗa, ta ce ita ta san mijinta, ko ashana ba ya ƙyastawa bai duba gefensa ba. Ya ce mata, "Maman Obiageli, a bar maganar." Aka bar ta. Shi da Sammani ma ba su tayar da ita ba, ko sau ɗaya.

Kai ne ka ɗauki tambarin sakaci, kai da duk Kano babu mai kiyaye aiki kamarka. Na san abin da wannan kalma ta yi maka, don Baba Kyari ya ce wata guda ka yi ba ka tambayi lafiyar yaran ba.

Abin da ya yi maimakon magana shi ne kafa doka. Ya tattara madubin ido na kowa ya fasa da guduma. Ya matsa wa kamfani lamba har suka kawo na'urar da take nuna bakin zare a allo. Ya ce daga yau ba a karɓar "an kashe" daga bakin kowa, har da bakinsa. Na ɗaki ya kashe, ya karanto lambar da ke jikin akwatin. Na waje ya sa mita ya ga babu haske. Sannan a taɓa. Ma'aikata suna tsokanarsa da cewa ko gaisuwa aka yi masa sai ya auna ta da mita kafin ya amsa. Amma cikin mutum sama da talatin da suka bi ta hannunsa, babu wanda ya rasa ido.

Mai ido ɗaya ba ya rarrabe nesa da kusa sosai, ga zare siriri. Ya koya wa yatsunsa abin da idon ya daina yi. Sammani kuma ya nemi a bar shi tare da shi, sau biyu ana ba shi canjin wuri zuwa Abuja yana ƙi. A cikin kowane bututun kebul zare goma sha biyu ne, kowanne da launin rigarsa, kuma dole shuɗi ya haɗu da shuɗi, kore da kore, in aka saɓa saƙon Katsina ya tafi Maiduguri. Da idon hagu ya fara rauni sai launukan suka fara rikice masa, ruwan ƙasa da ja, ruwan toka da fari. Bai faɗa wa kowa ba. Wata rana kawai suna tsugune, ya ɗauki zare ya yi jim, sai ya ji Sammani ya ce a hankali, kamar mai magana da kansa, "Ruwan ƙasa." Ya ɗauki na gaba. "Toka." Haka suka ci gaba har shekara uku, ɗaya yana kira ɗaya yana haɗawa. Masu ganinsu sun ɗauka wata sabuwar doka ce, har wasu suka fara kwaikwayo.

Ciwon na hagu ba ruwansa da leza. Hawan jinin ido ne, irin wanda ya makantar da mahaifinsa. Likitar da take duba shi ta gaya masa ba ɓoye-ɓoye: maganin ɗigawa rage masa gudu yake yi, ba ya tsayar da shi, abin da ya tafi kuma ya tafi ke nan. Mai ido biyu yakan daɗe bai ji a jikinsa ba, shi kuwa ba shi da na biyun. Duniya ta riƙa tsuke masa kamar yana leƙe ta cikin bututu, kowane wata bututun yana ƙara ƙanƙancewa. Ya ce wa Philomena abu ɗaya yake roƙo, idon ya kai shi shekara biyu a bakin aiki, 'yarsu tilo Obiageli ta gama makarantar koyon jinya.

Bara wani kamfani ya saye layukan, bana sababbin masu gida suka ce duk mai taɓa zare sai an gwada idonsa. Ba zan ce sun yi laifi ba. Da Celestine ne mai kamfanin da abin da zai ce ke nan, kuma wannan ne ya fi ci masa rai. Sammani ya zo masa da dabara. Ya riga shi shiga gwajin, ya haddace haruffan allon layi-layi, ya rubuto su manya-manya a takarda.

"Oga, layi shida ne kawai. Kwana biyu ya ishe ka ka haddace."

Celestine ya karɓi takardar, ya kawo ta dab da hancinsa, ya daɗe yana kallo. Shekara biyun da yake roƙo ce a cikin wannan 'yar takarda. Can sai ya ninke ta ya mayar masa.

"Ƙarya ɗaya na taɓa yi a aikin nan, kuma ni kaɗai ta ci. Wannan ban san wa za ta ci ba."

Ranar gwaji ya karanta layi biyu na sama, ya tsaya. Aka sa kansa a wata na'ura, aka ce ya danna maɓalli duk lokacin da ya ga ɗigon haske ya ƙyafta a gefe. Ya zauna yana jira, yatsa a kan maɓalli, ya danna 'yan kaɗan, ya ci gaba da jira, har ma'aikaciyar ta taɓa kafaɗarsa ta ce an gama. Takardar sallama ta iso bayan mako biyu, layi huɗu, ko sa hannun mutum babu a ƙasa.

Juma'ar da ta wuce aka yi masa bankwana a kan benci biyu a ƙofar ɗakin nan na Fagge. Lemon kwalba, tsire a takarda, mu goma sha huɗu. Daga ofis ba wanda ya zo. Saƙon waya suka aiko, wanda sai da ya bi ta cikin akwatunan da ke bayanmu kafin ya iso. Baba Kyari ya yi addu'a, Philomena ta yi tata. Ana shirin tashi sai Sammani ya miƙe, ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Jama'a, ku dakata. Abin da ke cikin fayil ɗin Oga ƙarya ne. Ya kira ni. Ni na ce masa an kashe, ina tsaye a can, inda mai raken nan yake yanzu. Da yana da idon nan na dama, da yau ba ma zaune a nan. Ni na cinye masa shi. Madam, ki yafe mini, in kuma ba ki yafe ba, da gaskiyarki."

Philomena ta ɗora hannu biyu a ka. Ba ta yi ihu ba, kallonsa kawai take yi, mutumin da ya shekara goma sha ɗaya yana cin abincin hannunta, wanda ta je sunan 'ya'yansa huɗu. Celestine ya juya kansa a hankali har ya samo Sammani a cikin ɗan ganin da ya rage masa.

"Zauna, Sammani. Kai ma ba ka san duka ba. Da ka ɗauki wayar nan na ji hon, na ji ana cewa 'zo, zo, tsaya.' Ɗakin nan ba a jin titi a cikinsa. Na san ba ka ciki. Mita tana cikin jakata, taku biyu. Rana ta dame ni, manya suna ta kira, na ga dama na yarda da kai don in gama da wuri. Kai ka faɗi abin da ba ka yi ba, ni na karɓi abin da na san ba haka yake ba. Mu biyu muka kashe idon nan. Zauna ka sha lemonka."

Sammani bai zauna ba. Ya juya ya fuskanci bango, hular ta faɗi ƙasa. Baba Kyari ya tashi ya zagaya bayan janareta, bai dawo ba sai da aka watse. Philomena ce daga baya ta miƙe ta ɗauki hular, ta kaɗe mata ƙasa, ta miƙa masa.

Na so a ce daga nan komai ya daidaita. Bai daidaita ba. Fayil ɗin yana nan yadda yake, kamfanin da ya rubuta shi ma babu shi, balle a je a ce a gyara. Likita ta ce in an yi sa'a idon zai ga damina mai zuwa. Obiageli da sauran tafiya a gabanta. Sababbin masu gida sun ce ɗakin ba ya bukatar mutum kullum, daga Legas za a riƙa kallonsa a kwamfuta, gyara kuma 'yan kwangila za a riƙa turowa, masu sauri, waɗanda ba a tambayarsu kyan haɗi sai yawansa. Raina ya ɓaci da na ji wannan, kuma har yanzu a ɓace yake.

Mun gode, Celestine ɗan Sabon Gari, mai raka haske. Mun gode a madadin duk wanda ya ji muryar nasa garau daga nesa bai san ta hannun wa ta biyo ba. Mun makara, mun sani, godiyar ta zo lokacin da ba za ta gyara maka komai ba. Allah ya sassauta maka abin da ke tafe, ya ba iyalinka ƙarfin ɗauka.

Ku kuma 'yan uwa, kowa da aikin da yake riƙe da shi, ku yi koyi da mutumin nan ko da a abu ɗaya ne. Kada ka ce an yi sai an yi, ko da faɗin gaskiyar zai kunyata ka a gaban babba. In kuma aka ce maka an yi, ranka ya ba ka ba a yi ba, ka tashi ka duba, komai saurin da kake yi.

Na tambaye shi ko in kawo masa wannan rubutu in ya fito. Ya yi dariya, ya ce baƙin jarida ya fi ƙarfinsa tun bara. Sammani ya ce shi zai je Sabon Gari ranar Lahadi, bayan an taso daga coci, ya karanta masa daga farko har ƙarshe, kuma shi ya ce kada in cire sunansa ko in sassauta komai. To Sammani, na san yanzu kana zaune a gabansa da takardar nan a hannu. In ka kai inda ya yi maka nauyi, ka dakata ka sha ruwa. Amma kada ka tsallake layi ko ɗaya, don ba shi da yadda zai duba.